Mota Tafi-Da-Gidanka Da Sanyin Hunturu

Ga shi dai hunturu ya sake kewayowa. Iskar arewa maso gabas ta taso tun daga Hamada, ta ɗebo farar ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ta zo ta shimfiɗa mana ita bisa kome, har rana takan yi hantsi mutum yana dubanta da ido ba ta kashe shi ba. Leɓuna sun tsage, ƙafafu sun yi faso, kasuwar masu shayi da masu koko ta buɗe. A Bauranya da sauran garuruwan ƙasar Kusada da Kankiya an gama kai amfanin gona rumbu, yanzu sai bukukuwa da cin kasuwa da ziyarar 'yan'uwa.

To, tafiya ita ke sa mutum kwana inda bai saba ba. Saboda haka muka ga ya kamata mu yi wa masu karatunmu bayani, musamman malaman makaranta da akawuna da sauran ma'aikata waɗanda aiki kan fitar da su ƙauyuka, a kan yadda matafiyi zai kwana da ɗumi ba tare da ya jawo wa kansa halaka ba. Za mu ɗauki misali da wata irin mota wadda ake kwana a samanta, domin kuwa duk wanda ya gane dabarar ɗumama wannan ɗan ɗaki na tamfol ya gane ta bukka, da ta tanti, da ta aji mai rufin kwano.

Asalin Wannan Mota

A shekarar 1950 kamfanin Volkswagen na Jamus ya fara ƙera wata 'yar motar ɗaukar mutane da kaya, ita ce muka sani da suna Kombi, mutanen Ikko kuma suka laƙaba mata danfo. A shekarar 1951 wani kamfani mai suna Westfalia ya shiga sa wa irin wannan mota kayan kwanciya da na ajiya, don iyali su tafi hutu ba su biya kuɗin masauki ba. A Ingila ma cikin shekarun nan na 1950 aka riƙa yin wata mai suna Dormobile. Mu dai sunan da ya dace da ita a wurinmu shi ne tafi-da-gidanka.

Aibin waɗannan motoci da fari shi ne mutum ba ya iya miƙewa tsaye a ciki. In kuwa aka ƙera su da tsawo, iska takan riƙe su bisa hanya, su sha mai da yawa. Sai aka yi dabara, aka yanke rufin aka mai da shi kamar murfin akwati. In an isa masauki sai a tura shi sama, tamfol ɗin da ke naɗe a gefensa ya miƙe ya zama bango, a sami ɗan bene mai gadon mutum biyu. Da safe a sauke a ɗaure, a kama hanya.

Dattawan Kankiya ba baƙin wannan mota ba ne. Daga shekarun 1960 zuwa na 1980 Turawa masu yawon buɗe ido sukan ratso Hamada da irinta, su biyo ta Tamanrasat da Agadas, waɗansu su sauko Kano ta Damagaram, waɗansu su shigo ta Maraɗi da Jibiya da Katsina, su ratsa Kankiya su nufi Kano. Tashe-tashen hankulan da aka yi a Aljeriya da arewacin Nijar a farkon shekarun 1990 su suka kashe wannan hanya. Kafin su ma, a zamanin En'e, wadda ƙananan hukumomi suka gaje ta a 1976, da rani ake fita rangadi, lokacin da hanyoyi suka bushe. Di'o da Hakimi da malaman haraji da na daji da na tsabta sukan fita da dawaki da 'yan alaro, daga baya kuma da Land Rover, wadda ta fito a 1948, mai rufin tamfol. Ashe ke nan kwanan sanyi a bakin aiki tsohon abu ne. Har yau kuwa bai ƙare ba. Malaman da suka yi aikin zaɓen 25 ga Fabrairu 2023 da yawansu a azuzuwan makarantu suka kwana daren jajiberi, ga direbobin manyan motoci da ke kwana bakin hanyar Kano zuwa Katsina, ga masu gadin lambu a fadamu.

Daren Da Muka Yi A Bauranya

Gani ya kori ji. Wata shekara cikin watan Janairu muka raka wani abokinmu ɗaurin aure Bauranya, a cikin wata tsohuwar tafi-da-gidanka da ya saya hannu na biyu. Mai masaukinmu, wani dattijo, ya sa aka share mana ɗakin zaure, ya ce, "Samari, ga wuri nan an shimfiɗa muku." Muka ce, "Baba, Allah ya saka da alheri, ai mu da ɗakinmu muka zo." Muka tura rufi sama, yara suka taru suna kallo, mu kuwa muna jin kanmu. Dattijo ya kewaya motar, ya miƙa hannu ya taɓa tamfol, ya ce, "To, Allah ya kai mu safe."

Da farkon dare ba laifi. Wajen ƙarfe uku sai muka farka haƙora na kaɗawa, ga bargo a jikinmu amma kamar ba mu rufa da kome ba. Yaron motar ya lallaɓa cikin gida ya ɗebo garwashi a kasko. Ashe dattijo idonsa biyu. Ya ce, "Kai yaro, ina za ka da wuta?" Ya ce, "Baba, cikin mota za mu sa, sanyi zai kashe mu." Dattijo ya ce, "Mai da ita inda ka ɗebo. Sanyin garin nan ba ya kashe ƙato a dare ɗaya, garwashi a rufaffen wuri kuwa yakan kwashe gida guda."

Sa'an nan ya sa muka gusa da motar bayan katanga, ƙarƙashin wata bishiyar bedi. Ya kawo tabarmi biyu na kaba aka naɗe tamfol da su ta waje aka ɗaure da igiya, ya ba mu buhunan algarara da agalami muka sa ƙarƙashin katifa. Ba mu ƙara bargo ko ɗaya ba, amma ba mu farka ba sai da ladan ya yi kira. Daga baya da muka bincika, sai muka tarar duk abin da ya yi mana a daren nan shi ne masana suke faɗa.

Ina Ɗumi Yake Tafiya?

Abu na fari da ya kamata mu gane shi ne bargo ba shi da zafin kansa. Jikin mutum shi ne murhun. Zafin jikin mai lafiya digiri 37 ne a ma'aunin Salsiyas, babban mutum kuma yana barci yakan fitar da zafi tsakanin na ƙwan lantarki irin na da mai wat 60 da mai wat 100. Aikin bargo shi ne ya tsare wannan zafi kada ya gudu. Mai shakka ya dubi masu sayar da ƙanƙara, da buhu da dusar katako suke lulluɓe ta, ba ta narke ba. Abin da ya hana zafi shiga wurin ƙanƙara shi ne ke hana shi fita daga jikin mutum, watau iskar da ke maƙale cikin saƙa, wadda ba ta motsi.

A ƙasar Katsina cikin Disamba da Janairu rana takan kai kusan digiri 30, amma da asuba sanyi kan sauka kusan 13, wani lokaci ma ƙasa da 10. Dalili kuwa shi ne iska ta bushe, babu gajimare. Zafin da ƙasa ta sha da rana sai ya yi ta tashi sama dare farai ba abin da ya tare shi, shi ya sa sanyi ya fi tsanani gab da fitowar rana.

Ta hanya huɗu ɗumi ke kuɓuce wa mai barci. Ta fari, ta abin da jiki ya taɓa. Ƙarfe yana jan zafi fiye da iska sau dubu da ɗoriya, siminti da ƙasa ma suna ja ƙwarai. Ta biyu, ta iska mai kaɗawa, wadda ke share ɗumin da ya taru jikin tamfol ta kawo sabon sanyi. Ta uku, ta sararin sama, kamar yadda muka faɗa. Ta huɗu, ta laima. Ruwa yana jan zafi fiye da iska kusan sau 25, in kuma yana bushewa yakan tafi da wani zafin, kamar yadda raɓar da ke tsattsafowa jikin tulu ke sanyaya ruwan ciki. Mutumin da ya kwanta da riga mai jiƙe da gumi ya mai da kansa tulu.

Benen tafi-da-gidanka duk ƙofofin nan huɗu a buɗe suke gare shi. Bangonsa ƙyalle ne falle ɗaya. Yana can sama inda iska ta fi ƙarfi. Katifarsa kuma da ƙyar kaurinta ya wuce inci biyu, don dole rufi ya rufu a kanta. Gaskiya ne ɗumin cikin mota yakan hau sama, amma da ya hau sai ya fice ta tamfol.

Zaɓen Masauki

Rabin aikin a wurin tsayawa yake. Kada a sauka a kwari ko bakin fadama, domin iska mai sanyi ta fi nauyi, takan gangara ta taru a can kamar ruwa. A nemi wuri mai ɗan tudu, a sa katanga ko danga ko rumbuna tsakanin mota da arewa maso gabas. In rufin irin mai buɗewa gefe ɗaya ne, a juya ɓangaren da ke manne ya fuskanci iska, don ta zame ta bisa ta wuce. In iska ta yi ƙarfi ainun, a sauke rufin a kwana ƙasa, ba abin kunya ba ne.

Inuwar itace tana da amfani da dare kamar yadda take da shi da rana, gama ganye yakan tare zafin da zai tashi sama. Amma a zaɓi itacen. Kuka da rani tsirara take, ba abin da za ta tare. Bedi da mangwaro da tsamiya sun fi. Gawo ma da rani yake ganye, sai dai a yi hankali da ƙayarsa kada ta huda tamfol.

Har wa yau, a halin da waɗansu sassan jihar ke ciki na rashin tsaro, ba mu ba kowa shawarar ya kwana a daji ko bakin hanya shi kaɗai ba. A shiga gari tun da sauran rana, a gai da Mai Unguwa ko Dagaci, a faɗi ko wane ne, su za su nuna inda ya dace. Baƙo ko da ido makaho ne.

Shimfiɗa Ta Fi Mayafi

Kuskuren da muka yi shi ne wanda yawancin mutane ke yi, watau a tula barguna a bisa a manta da ƙasa. Abin da mutum ya danne da nauyinsa iskar cikinsa ta fice, ba ya tsare ɗumi sosai. Saboda haka in kana da bargo uku, biyu su tafi ƙasa. Kwali, da buhun algarara, da tabarma, da darduma, da buzu, duk suna aiki, an fi so kuma a jera su hawa-hawa. Wanda zai kwana a aji ya haɗa bencina ya hau, kada ya kwanta bisa siminti. Wanda zai kwana bayan babbar mota kada ya yarda jikinsa ya taɓa ƙarfe.

Ga mayafi kuma, sirara biyu sun fi mai kauri ɗaya, saboda iskar da ke tsakaninsu. Gwado a ciki, bargo a waje. A canja tufafin da aka yini da su, a sa busassu. A sa hula da safa, amma a bar hanci da baki waje, gama numfashi ruwa ne, in ya shiga bargo sai ya jiƙa shi. A ci abinci mai ɗumi kafin a kwanta, tuwo ko kunu, don murhu ba ya ci sai da itace. A kewaya tun da wuri, kada a fita tsakar dare a zubar da ɗumin da aka tara. In da hali a cika gora mai murfi mai kyau da ruwan zafi, ba tafasasshe ba, a naɗe ta da zane a ajiye wajen ƙafafu. Kada a manna wa jinjiri ita, kada kuma a lulluɓe masa fuska.

Shi kansa tamfol, a Turai akan sayar da wata riga da ake naɗa masa ta waje, mai soso a tsaka da ƙyalli a bisa, waɗansu kuma sukan rataya labule ta ciki. Tabarmar kaba da tsohon bargo suna yin wannan aiki, in dai an ɗaure su da kyau. Gilasan mota ma a toshe su da kwali. Amma fa kada a liƙe ko'ina ruf. A bar 'yar kafa kamar faɗin tafin hannu ta gefen da iska ba ta bugowa. In ba haka ba, musamman in rufin na leda ne, tururin numfashi zai taru ya riƙa ɗiga bisa masu barci, iskar ciki kuma ta gurɓace.

Maƙiyin Da Ba A Gani

Yanzu mun zo ga abin da ya sa muka ɗauki alƙalami. Duk abin da ke ci da wuta, gawayi ne, ko itace, ko kananzir, ko fetur, ko gas, in iska ba ta ishe shi ba yakan fitar da wata guba da masana ke kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Garwashin da ya daina hayaƙi, wanda muke ganin ya yi lafiya, yana nan yana fitar da ita. In ta shiga huhu takan kama jini fiye da yadda iskar oksijin ke kama shi sau 200 da ɗoriya, sai jini ya yi ta kewayawa ba ya kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya abincinsu. Mai ido biyu yakan ji ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, da kasala. Mai barci kuwa sau da yawa ba ya jin kome, daga barcin sai lahira.

Masu haƙar kwal a Ingila sun daɗe da sanin wannan maƙiyi. A ƙarshen ƙarni na 19 wani masani ɗan ƙasar Sikotilan, Jon Haldan, ya ba da shawarar a riƙa shiga rami da ƙananan halittu waɗanda gubar ke kayarwa kafin ta kayar da mutum. Daga nan aka riƙa shiga da kanari cikin keji, ba a daina ba sai a 1986, da na'ura ta karɓi aikin. Yau akwai 'yar ƙararrawa mai aiki da batir wadda ke ihu in ta ji gubar. Masu tafi-da-gidanka na Turai da ke da injin ɗumama mai shan man dizal, wanda hayaƙinsa ta bututu yake fita waje, su ma da yawansu ba su kwana sai da ita.

Ƙa'idar ba ta da wuya. Kada a kwana da kurfoti, ko kasko, ko risho, ko fitilar kananzir a kunne cikin mota ko tanti ko rufaffen ɗaki. Kada a bar injin mota yana aiki don a ji ɗumi ana barci, domin hayaƙin salansa yakan sami kafa ya shigo. Kada a sa janareta cikin ɗaki, ko zaure, ko gindin taga. A ji ɗumin wuta a waje, a kashe ta sarai, sa'an nan a shiga. Ban da guba ma ga gobara, tamfol da zana da gidan sauro a cikin hunturu ba su jiran tartsatsi na biyu.

In aka ga mutanen ɗaki ɗaya sun tashi da ciwon kai gaba ɗaya, suka fita waje kuma suka ji sauƙi, to, a tuhumi wuta kafin a tuhumi iskoki ko sammu. In an tarar da wani ya suma, a buɗe ƙofofi, a fito da shi sarari nan da nan, a garzaya da shi asibiti mafi kusa, ga na Kankiya nan ga mutanen wannan yanki. Kada a tsaya ɗura masa manja ko madara, ba su fitar da wannan guba, suna ma iya shaƙe shi. Ko ya farfaɗo a kai shi likita ya duba.

Abin Da Magabata Suka Sani

In muka duba da kyau, babu sabon abu cikin wannan magana. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro in sun sauka zango sukan jera kayansu su tare iska. Buzaye sukan kewaye tantinsu na fata da asabari, gadonsu kuma a ɗage yake daga ƙasa. Ɗakin ƙasa mai rufin azara, wanda muka raina a daren nan, kaurin bangonsa yakan sha zafi da rana ya riƙa sakinsa sannu-sannu da dare. Kwano kuwa ya gasa ka da azahar, ya daskarar da kai da asuba. Da mun karɓi ɗakin zauren da aka ba mu tun da fari, da ba mu tashi dattijo tsakar dare ba.

Muna roƙon malaman makaranta su kai wannan magana aji. A sami kwalabe uku a cika su da ruwan ɗumi, a naɗe ɗaya da busasshen gwado, ɗaya da jiƙaƙƙen tsumma, ɗaya a bar ta haka, bayan sa'a guda yara su taɓa su faɗi abin da suka ji. Yaron da ya taɓa da hannunsa ba zai manta ba, shi ne kuma zai je gida ya hana a shigar da kasko ɗakin kakarsa a rufe ƙofa. Akawuna da sauran ma'aikata kuma, in an tashi tura mutane aikin kwana a ƙauye, a rubuta tabarmi da barguna cikin lissafi tun a ofis, a kuma faɗa musu zancen garwashi baki da baki. Rigakafi ya fi magani, wannan ciwo kuwa sau da yawa ba ya jiran maganin.

Allah ya kai kowane matafiyi masaukinsa lafiya, ya tashe shi lafiya.